Ragon Alhaji, Kwanon Inna

Kabo, watan Shawwal.

Zuwa ga ɗana Muhsin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka. Yaya karatun likita, yaya zafin birni? Mu nan Kabo lafiya lau muke, sai dai ƙafar maigidana Malam da ke taɓa shi in ya daɗe a tsaye. Yana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kwanaki na yi wa wata saƙon murya a kan maganar da bai kamata ta fita ba, kafin la'asar sai ga muryata a guruf ɗin dangi, har da masu sa hoton dariya. Tun daga ranar na daina ba waya amanata. Sajo direba zai miƙa maka wannan, shi ba ruwansa da abin da ke cikin ambulan.

Maganar Inna Furera ce. A wurinka ƙanwar kakanka ce, wasan jika da kaka kawai ka sani tsakaninku. Ni kuwa ita ta riƙe ni tun ban san kaina ba har ta kai ni ɗakin miji, don haka in na yi zafi a kanta ka yi mini uzuri. Ka san tun da aka gano tana da ciwon suga, Alhaji Salisu mijin 'yarta Yaya Zubaidatu ya ɗauko ta daga Unguwar Tudu ya ajiye ta a gidansa na Gwarzo, wai don kusa da asibiti. Kowa ya yaba masa. Ni ma na yaba, da baki.

Ranar Juma'a na je duba ta, wallahi sai da na koma bayan ɗaki na share hawaye. Inna ta zube, Muhsin. Awarwaron azurfar nan da ba ya fita daga hannunta ko da sabulu, yanzu har gwiwar hannu yake gangarawa. Na tambayi Yaya Zubaidatu ko tana cin abinci, ta ce, “Ke Badi'a, kullum wayam kwano yake fitowa daga ɗakinta.” Na tambayi Inna, ta ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake.” To wane irin abinci ne wannan da ake cinye shi tas amma mai cinsa yana ƙarewa?

Ina fitowa na tarar da Hammadu a ƙofar gida, ɗan ƙanin marigayi mijin Inna, wanda ke kiwon saniyarta. Ya ɗauro ƙwaryar fura da nono a bayan babur kamar yadda ya saba tun zuwanta Gwarzo, geron rumbunta ne, nonon saniyarta ne, amma Alhaji ya tsare shi a zaure ya ce ya koma da kayansa. Wai likita ya hana. Na ce wane likita? Aka ce kai.

Ni dai ban yarda ba. Na san ka zo hutun Sallah, na san kun daɗe a zaure kai da Alhaji, amma ban ɗauka ɗan gidan makiyaya zai buɗe baki ya raba tsohuwa da fura ba. Yanzu Alhaji da kansa yake shiga kasuwa ya sayo abin da za a dafa mata, da kansa yake miƙa mata ƙwayar magani safe da yamma. Mutumin da ko ranar suna ba ya barin shagonsa na taki, yau shi ne mai zaɓar wake. Wannan kulawa ta yi mini yawa, kuma ba ta kwanta mini ba.

Abu guda ne ya yi ƙiba a gidan: ragon layyar da Alhaji ya ɗaure a bayan tagar Inna. Da aka sayo shi haƙarƙarinsa a waje, yanzu har sheƙi yake. Shi ne ma ya fi mutanen gidan kula da ita, da ya ji motsinta sai kuka.

Ka gaya mini gaskiya, kai ka hana, ko da sunanka ake aiki?

Goggonka,
Badi'a.

Kano, ƙarshen Shawwal.

Zuwa ga Goggo Badi'a,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na gode. Allah Ya ba Baba Malam lafiya, a riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in ya zauna. Ni lafiya lau nake, sai aikin asibiti da ya yi yawa.

Goggo, ba da sunana ake aiki ba, ni na faɗa. Gero sitaci ne, sitaci kuwa suga yake zama a jini, ballantana an dama shi an zuba suga a kai. Haka aka koya mana. Na ce a bar fura, a koma wake da alkama da zogale da kabeji, kuma kada ƙwayar nan ta tsallake ko sau ɗaya. Alhaji ya saurare ni kamar mai ɗaukar karatu, har yana sa in maimaita. Ban ga abin zargi ga mutumin da ya bar shagonsa don surukarsa ba. Ramar da kika gani, ciwon kansa yana ramar da mutum, in sugan ya daidaita jiki zai dawo.

Ni ma ina da tambaya, kuma ki yi haƙuri da ita. Alhaji ya kira ni shekaranjiya. Ya ce bayan zuwanki na biyu Anti Zubaidatu ta ga ƙwarya a ƙarƙashin gadon Inna, da sauran fura a gindinta. Da ya gwada ta da 'yar na'urar gida, sugan ya yi sama sosai. Ya kai ta wani asibitin kuɗi, suka ga awon, suka ƙara mata ƙarfin ƙwayar. Ban ce ke kika kawo ba, amma Hammadu ba ya wuce zaure, kuma ƙwarya ba ta da ƙafa.

Abin da ya fi damuna ba furar ba ce. Na san ki da jiƙe-jiƙe, ina yaro babu zazzaɓin da ban sha ɗacin hannunki ba. In kina ba Inna wani sassaƙe ko garin magani a ɓoye, don Allah ki gaya mini sunansa. Akwai masu faɗa da ƙwayar asibiti, kuma mu ba za mu gane ba sai abu ya lalace. Ba na so a wayi gari ana neman wanda ya jawo, a tarar da hannunki a ciki.

Na san kina ƙaunarta fiye da kowa. Ki taya mu, kada ki ja gefe guda muna jan gefe guda.

Ɗanki,
Muhsin.

Kabo, watan Zulƙida.

Muhsin,

Sallama da gaisuwa. Ƙafar Malam da sauƙi. Ni ce dai ba sauƙi tun da na karanta takardarka.

Wato har an kai inda za a nemi wanda ya jawo, kuma har an tanadi hannun da za a kama. Madalla. Na gode da ka sanar da ni da wuri.

Ni na kai furar, ba na ɓoyewa. Na biya Unguwar Tudu na karɓo a wurin Hammadu, na rufa mata hijabi na shige. Da ka ga yadda Inna ta karɓi ƙwaryar nan da ba ka rubuto mini zancen sitaci ba. Matar da ta koya mini cewa mace ba ta shan abu ana jin ƙarar maƙogwaronta, ita ce ta ajiye ludayi ta kafa kai. Ba ta ɗago ba sai da ta ga gindin ƙwarya. Wanda ke cinye kwano uku a yini ba ya shan fura haka. Jiƙo kuwa, ban ba ta ko na ganye ɗaya ba, Allah ne shaidata.

Yanzu in na je, Yaya Zubaidatu ba ta barin mu mu biyu. Jakata ma a tsakar gida nake ajiyewa, kamar mai shiga banki. Ban ga laifinta ba sosai. 'Yar fari ce, tun tana ƙarama aka ba da ita riƙo cikin gari, ita da Inna sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Abin da mijinta ya ce shi take bi.

Ga abin da na gani da idona, kai da ka yi karatu ka fassara mini. Na je da hantsi, bayan Alhaji ya ba ta ƙwayarsa ya fita. Muna zaune sai gumi ya karyo mata, zani ya jiƙe sharkaf, hannu yana rawa. Ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifiyata da ta rasu tun ina goye, tana tambaya ko an kora shanu rafi. Yaya Zubaidatu ta ce ai kwanan nan haka take yi, tsufa ne, wata maƙwabciya kuma ta ce iska ce a nemo mai ruƙiyya. Maƙwabciyar ce ta kunto dabino daga bakin zaninta ta ba ta. Inna ta ci guda biyu, ba a jima ba ta dawo hayyacinta, har tana yi mini faɗan ɗaurin ɗankwali.

Ni ban yi makarantar likita ba, Islamiyya nake koyarwa, amma na san Inna ba ta taɓa yin haka a Unguwar Tudu ba. Ko dai ƙwayar nan ba ta asibiti ba ce, ko akwai abin da ake barbaɗawa a abincin. Wa ya taɓa ganin kwalin maganin in ba Alhaji ba? A aljihunsa yake yawo da shi. Kuma Hammadu ya ce mini tun bara Alhaji yake yaba saniyar Inna da gonarta ta bakin hanya.

Zan faɗi wata magana, in ta yi maka ɗaci ka haɗiye kamar yadda na haɗiye taka. Ɗakin da kake kwana a Kano na ƙanin Alhaji ne. Ban ce an saye ka ba. Na ce dai wanda ke kwana a inuwar mutum ba ya saurin ganin laifinsa.

Ka zo ka duba ta da idonka. In ba za ka zo ba, ka ba ni amsa ta hannun Sajo kafin mako ya zagayo.

Badi'a.

Kabo, ƙarshen Zulƙida.

Muhsin,

Ba ni da doguwar gaisuwa yau. Na jira amsarka har na gaji, Sajo ya ce ya kai tuntuni. Shirunka ma amsa ce, na karɓa.

A bakin Hammadu na ji cewa Inna ta faɗi a banɗaki, an ɗauke ta ba ta san inda take ba, an wuce da ita Kano. Ba wanda ya ga ya dace a gaya wa wadda ta girma a ɗakinta. Na ga kiranka a waya har ban san adadi ba. Ban ɗauka ba, don na san a gefen wa kake tsaye kana kiran. Na so in taho, Malam ya ce in bari hankalina ya dawo, kada in je asibiti in yi abin kunya.

To abin kunyar na yi shi a wani wurin, kuma ban yi nadama ba. Jiya na je Unguwar Tudu don mu shirya tafiya da Hammadu. Ina shiga layin sai na ga a-kori-kura a ƙofar gidan Inna. An buɗe rumbunta, ana auna gero da dawa da wake ana ɗurawa a buhu. Saniyarta da ɗan maraƙin an riga an hau da su mota. Alhaji Salisu yana tsaye da hula a keya yana cewa a yi a hankali da ƙafar maraƙin.

Matar tana kwance a asibiti, ba a san ko za ta tashi ba, har an fara rabon gado!

Na tsaya a gaban motar nan na buɗe murya. Na ce, “Alhaji, ka bari ta mutu mana tukuna! Ka raba ta da gidanta, ka raba ta da furarta, ka mayar da ita ƙashi, yanzu kuma ka zo kwasar abin da ya rage?” Mata suka leƙo ta katanga, masu dawowa daga masallaci suka tsaya. Na ce ya faɗa wa jama'a dalilinsa in yana da shi. Ka san abin da ya ce? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malama, ki yi haƙuri, ba magana ce ta bainar jama'a ba.” Shi ke nan. Mai gaskiya ai ba ya rasa bakin magana. Hammadu ya ja ni gefe yana cewa shi ma ba a gaya masa komai ba, an dai ce ya biyo saniyar.

Gobe zan je wurin mai unguwa. In Inna ta tashi, za ta tarar da wanda ya tsaya mata. In ba ta tashi ba, kai da Alhaji ku shirya amsar da za ku ba Allah.

Badi'a.

Kano, ƙarshen Zulƙida.

Zuwa ga Goggo Badi'a,

Assalamu alaikum. Kafin komai, Inna ta farfaɗo, tana magana, tana gane mutane. Na kira ki na gaji, shi ya sa na koma takarda. Ina fatan ke da Baba Malam kuna lafiya.

Wasiƙarki ta zancen dabino ba ta same ni a kan lokaci ba. An tura mu aikin ƙauye, Sajo ya bar ta a hannun mai shagon ƙofar gidanmu. Sai da aka kira ni aka ce an kawo Inna na dawo, washegari mai shagon ya miƙo mini. A bakin gadonta na karanta. Gumi, rawar hannu, ruɗewa, sannan dabino ya dawo da ita: wannan ba tsufa ba ne, ba iska ba ce, suga ne yake faɗuwa ƙasa. Haka ƙwayar nan take yi wa wanda ya sha ta da yunwa. Da takardar ta zo hannuna da wuri da a ranar na sa an dakatar da ƙwayar. Na duba kwalin da kaina, maganin gaskiya ne, babu algus. Kuma na yarda ba ki ba ta jiƙo ba, ki yafe mini wannan zargin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yunwar. Ta yaya mai cinye kwano za ta kasance da yunwa? Ranar da ta farka na sayo mata kunun gyaɗa a bakin asibiti. Ta dubi kofin ta ce, “Wa ya saya?” Na ce ni. Ta shanye. Da rana Anti Zubaidatu ta kawo abinci daga gidan ƙanin Alhaji, Inna ta ce a ƙoshe take. Sai zancen ragon nan da kika yi a takardarki ta farko ya faɗo mini.

Na bari Anti ta fita alwala, na matsa kusa na ce, “Amarya, tsakani da Allah, a Gwarzo me kike ci?”

Ta harare ni ta ce, “Angon banza, sai yau ka ga damar tambayata? Da ka zo da Sallah ai da mai gidan ka yi shawararka, ni ka leƙo ka ce sannu ka wuce.”

Na ce na tuba, ta gaya mini. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, “A gidanmu mace ba ta cin hatsin mijin 'yarta. Uwata ba ta ci ba, kakata ba ta ci ba. Da ya kai ni gidansa na ce to, kwana dai ƙasa ta Allah ce. Ina shan abina a ƙwaryata, ba wanda ya ji kaina, har kuka hana.”

Na ce abincin fa? Ta ce, “Dabba na bayan taga tana kuka, in zubar da abinci a bola?” Ashe gyaɗa da aya da dabinon 'yan dubiya ne suke riƙe da ita, sai ɗan abin da maƙwabta suka aiko. Na ce to me ya sa take karɓar ƙwayar? Ta ce, “Babban mutum ya tsuguna a bakin ƙofa ya miƙo miki abu da hannu biyu, ki ce masa a'a? Magani ai ba tuwo ba ne.” Na ce da ta gaya wa Anti. Ta ce, “Wadda ko sunanta ba na faɗa, ita zan kalla in ce ba na cin abincin mijinta?” Na ce Goggo Badi'a fa? Ta ce, “Waccan? Ai kafin in rufe baki ta tara wa bawan Allah jama'a.” Ki yi haƙuri, yadda ta faɗa na rubuta.

Goggo, a makaranta 'yan laccoci aka yi mana a kan abinci, aka wuce. Hotunan da aka nuna mana babu fura, babu tuwon dawa, babu ƙwarya. Da na rasa yadda ake auna fura sai na ce a bari gaba ɗaya, don ya fi sauƙin faɗa. Akwai malama mai kula da abincin majinyata a nan, na kai mata zancen. Ta ce Inna za ta iya shan furarta kaɗan, nono ya fi yawa, ba suga, ta ci ƙaramar malmalar tuwon dawa da miyar ganye mai yawa, da waken gonarta. Likitoci kuma sun sauya ƙwayar.

Na gaya wa Alhaji a barandar asibiti. Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Can ya ce, “Wato duk waken nan da nake zaɓa ɗaya-ɗaya, rago nake kiwo, uwar matata tana kwana da yunwa a gidana.” Sai da ya share fuska ya ce, “To in ba za ta ci nawa ba, a kawo mata nata.” Gobe zai je Unguwar Tudu ya ɗauko hatsinta da saniyarta, Hammadu ya biyo su, kafin a sallame ta. Ya roƙe ni kada maganar ta fita, don Inna ba za ta iya ɗaga kai ba in aka ji. Ke kaɗai na gaya wa, saboda in kin ji an ga mota a ƙofar gidanta kada hankalinki ya tashi.

Ɗanki,
Muhsin.

Kabo, bayan Babbar Sallah.

Zuwa ga ɗana Muhsin,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. An ce jarrabawa ta hana ka zuwa, Allah Ya ba da sa'a. Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka, Malam har gona yake zuwa da ƙafar tasa.

Takardata da taka a hanya suka yi saɓani, a motar Sajo guda. Na sa hijabi ke nan zan tafi wurin mai unguwa ya miƙo mini taka. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune. Wadda na aiko maka, in ba ka yaga ba ka yaga. Maganar ɗaki ma na janye ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na san halin nan. Ina yarinya in mun je Gwarzo duba Yaya Zubaidatu a gidan aurenta, Inna da gorar ruwanta take tafiya, ko ruwan gidan ba ta sha. Na gani da idona shekara da shekaru. Amma da na ƙulla Alhaji a raina, sai na tsaya neman abin da yake zubawa a kwano, ban tambayi wanda ke cinye kwanon ba, ga shi kuwa a bayan taga yana yi mini kuka.

Na je Gwarzo na durƙusa masa a zaure a gaban Yaya Zubaidatu. Na ce zan koma Unguwar Tudu in tsaya inda na tsaya in wanke shi. Ya ce, “Ki ce musu me, Malama? Ki ce Inna ta yi wata biyu da yunwa don kunyata? Bar su su ce na kwashe mata kaya. Ni ina iya ɗauka, ita ba za ta iya ba.” Na zagaya gidaje na ce na yi kuskure, amma da yake ban faɗi dalili ba, wasu cewa suke an toshe mini baki. Har yau akwai masu yi masa kallon banza in ya shiga ƙauyen, kuma ni na jawo masa. Wannan yana nan a wuyana.

Inna kuwa jiki yana dawowa, sai dai mantuwa da ta ɗan saura tun faɗuwar nan. Saniyarta na tsakar gida, Hammadu yana tatsa, ita take dama abarta da hannunta. Ludayi biyu na fura malamarku ta ce, Inna tana yin uku in ta ga ba na kallo.

Saura labarin rago. Ana gobe Sallah Alhaji ya aiko Hammadu ƙofar ɗakinta da saƙo, shi yana zaure. Ya ce a gaya wa Inna, ragon nan da ya sayo shi ƙashi ne da fata, duk naman da ke jikinsa kiwonta ne, shi ba zai yi layya da guminta ba. Rago nata ne halak malak, shi ya sayi wani. Na zaci za ta ƙi. Ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, “To ai kuwa ya ci wuyata, ɗan banzan rago.”

Da shi ta yi layya. Ta ci hanta gasasshiya a gabana, tana ci tana mita wai an cika gishiri. Da yamma ta sa na gasa cinya guda, ta zuba a kwanon nan nata da ya sha fitowa wayam, ta rufe da faifai ta ce, “A kai wa mai gidan nan ƙashinsa.”

Ni na kai zaure na ajiye masa. Ya buɗe, ya rufe, ya juya mini baya, na ga kafaɗarsa tana motsi, na fito na ba shi wuri.

Bayan magariba aka dawo da kwanon, ba komai a ciki sai ƙashi. Inna ta ɗaga faifan ta leƙa, ta dube ni ta ce, “Badi'a, leƙa bayan taga ki gani, da sauran rago a gidan nan?”

Na ce babu, Inna, duk an yanka.

Ta ce, “To shi ya ci ke nan.” Ta jawo ƙwaryarta.

In ka gama jarrabawa ka zo, amaryarka tana cigiyarka. Ta ce ka taho da kunun gyaɗa, amma da kuɗinka.

Goggonka,
Badi'a.